Gani Ya Kori Ji? Tambayoyi da Amsoshi Kan Kyamara da Makomar Hoton Jarida

Yaran da ke zuwa koyon ɗaukar hoto wurina a nan Zariya, wasu daga Samaru, wasu daga Kongo, wasu daga cikin Birni, kusan tambayoyinsu iri ɗaya ne, sai dai kowa da yadda yake juya tasa. Na gaji da maimaita amsa a bakin shago, janareto na ƙara a kunne, shi ya sa na tattara su a nan. Na shiga sana'ar nan tun ana wanke fim a ɗakin duhu, ina kuma cikinta har yau da ake tura hoton hawa ƙurar dawakai ba ta lafa ba.

Malam, wai yaya kuke ɗaukar hoto kafin zuwan dijital?

Da lissafi da kuma addu'a. Fim ɗaya hoto 36 yake ci, wani 24, kowane danni kuɗi ne, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke. A ce ranar hawan sallah ce, ka tsaya a Ƙofar Fada da fim uku a aljihu. Mahaya sun sako dawakai a guje, za su ja linzami a gaban Sarki su ɗaga hannu su yi jinjina. Wannan ƙiftawar ido ita kake jira tun hantsi. Ka yi gaggawa ka samu ƙura, ka yi jinkiri ka samu wutsiyar doki. Wannan ne ya koya mana sanin abin da zai faru kafin ya faru, kuma har yau ban ga kyamarar da ke koyar da shi ba.

Baƙi-da-fari a shago muke wankewa. Fim ɗin a duhu ƙirin ake fito da shi, takardar kuwa a ƙarƙashin jan ƙwan fitila, a bi da ita ruwan magani kwano uku: na fito da hoto, na tsayar da shi, na kafe shi. Mai kala sai an kai leb, wato babban gidan wanke hoto. Akwai wani leb da ya taɓa ƙone mini fim biyu na biki guda, ba zan kama suna ba. Amarya dai ba ta sake zaman lalle domin mai hoto. Na mayar da kuɗin mutane, na yi wata guda ina canja hanya idan zan wuce unguwarsu.

Asalin abin daga Faransa ne, inda aka bayyana wa duniya hanyar ɗaukar hoto ta wani Bafaranshe mai suna Dager a 1839. A 1888 kamfanin Kodak ya fito da kyamarar da kowa zai iya dannawa. Amma wadda ta buɗe ƙofar hoton jarida irin na yanzu ita ce Leica ta Jamus a 1925, 'yar ƙarama da za ka rataya a wuya ka kutsa cikin taro, ba sai ka kafa akwati a kan ƙafafu uku ka lulluɓe kai da baƙin ƙyalle ba.

Zariya tana da wani tarihi a wannan harka?

Ai nan ne gidan abin. A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, Abubakar Imam na edita, aka kuma kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945. Nan kuma aka riƙa buga Nigerian Citizen daga 1948, kafin New Nigerian ta gaje ta a Kaduna a farkon 1966.

Ku hango zauren da aka kawo jarida a wancan zamani. Mutum ɗaya ne ya iya boko, shi ke karantawa, saura suna saurare. Hoton kuwa hannu-hannu ake miƙa shi, kowa ya karanta da idonsa. Idan gardama ta tashi aka ce "a Gaskiya na gani", magana ta ƙare. Me ya ba hoton wannan ƙarfi? Akwai edita da aka san sunansa, akwai ofis da aka san ƙofarsa, wanda aka yi wa ƙarya ya san inda zai kai kuka. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Yaushe dijital ta shigo, kuma wa ya ƙirƙiro ta?

Wani injiniyan Kodak a Amurka, Steven Sasson, shi ya haɗa ta farko a 1975. Nauyinta ya haura kilo uku da rabi, hotonta baƙi-da-fari ne dishi-dishi, sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta naɗe hoto ɗaya a kan kaset. Kamfanin bai yi rawar jiki a kanta ba, domin ribarsa a fim take. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido: a Janairun 2012 Kodak ya garzaya kotu neman kariya saboda karayar arziki.

'Yan jarida sun rungume ta sosai bayan fitowar Nikon D1 a 1999, wadda ko megafiksel uku ba ta cika ba (megafiksel ɗaya ɗigo miliyan ɗaya ne a jikin hoto). Mu nan sai daga baya ta iso hannunmu, yawanci ta hannu. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, aka ɗan jima masu kyamara suka biyo, daga nan leb-leb suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Me ya canja a cikin ita kanta kyamarar?

Abu huɗu nake gani a aikace. Haske: da can magariba na yi mai hoto ya naɗe kayansa ko ya kunna filasha ya kashe wa jama'a ido, yanzu sensa mai kyau, wato abin da ya maye gurbin fim a cikin kyamara, tana ɗaukar mai shayi da fitilarsa ɗaya a Tudun Wada, hoton ya fito tas. Sai saiti: kyamarorin yanzu suna gano idon mutum da kansu su bi shi ko yana gudu. Sai sauri: hoto ashirin ko talatin a daƙiƙa ɗaya, a tura wa waya nan take, edita a Abuja ya gani kana tsaye a wurin.

Na huɗun shi ya fi burge ni, wato shiru. Tsofaffin kyamarori suna da madubi a ciki da ke ɗagawa ya faɗi, "ƙaras", duk wanda ke kusa sai ya waiwayo. Marasa madubi kuwa ana iya saita su su ɗauka shiru. A wurin tafsiri, ko zaman makoki, ko gaban manya a fada, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yana cikin dalilan da suka sa kamfanin dillancin labarai na AP ya mayar da masu hotonsa kan kyamarorin Sony marasa madubi a 2020.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Yaro ya dawo daga hawan bariki da hoto dubu uku, ya kwana yana zaɓe, a ƙarshe babu guda ɗaya da ya tsaya ya yi tunani kafin ya danna. Kuma kada ka kuskura ka canja gilashin gaban kyamara a fili lokacin hunturu. Ƙurar Zariya ta hau sensa, duk hotunanka sai sun fito da ɗigo a sararin sama.

Wayata megafiksel 108 ce. Ba ta fi kyamararka ba?

A lamba ta fi. Amma sensar waya ba ta kai farcen ɗan yatsa ba, ta babbar kyamara kuwa girman fim ɗin da ce, milimita 36 da 24. Kwano da bokiti ne a ƙarƙashin ruwan sama. Abin da waya ke yi shi ne ta ɗauki hotuna da yawa a danni ɗaya, ta haɗe su, ta cike giɓin da lissafi.

Zan yaba mata a wuri ɗaya. Shekaru da dama ana auna kalar fim ne da hoton Baturiya, shi ya sa a hotunan iyayenmu za ka ga farar riga ta fito fes, fuska kuwa sai haƙora da idanu. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Infinix da itel, ya ci kasuwar Afirka ne har da dalilin saita kyamararsa ta dace da baƙar fata. Matsalar ita ce wayoyin ba su tsaya nan ba: suna goge tabo, su haska fata, su rage kumatu ba ka roƙe su ba. Don hoton ango babu laifi. Don jarida, shiga saiti ka kashe duk wannan kwalliya kafin ka fita.

To ke nan waya ta kashe sana'ar?

Ta kashe wani sashe nata, kada in yi muku daɗin baki. A watan Mayun 2013 jaridar Chicago Sun-Times ta Amurka ta sallami duk ma'aikatan sashen hotonta, su 28, ta ce wakilai su koyi ɗauka da iPhone. A nan ma wakili ɗaya ne ke rubutu, ya ɗauki hoto, ya naɗi bidiyo, da waya ɗaya mai fasasshen gilashi.

Tseren wanda zai fara isa wuri kuwa mun riga mun sha kaye. Ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023, da wani sashe na Masallacin Fada ya rufto ana sallar la'asar, aka yi asarar rayuka, Allah Ya jiƙansu, hotunan da suka fara zaga gari daga wayoyin waɗanda ke wurin suka fito. Babu mai kyamarar da zai riga su.

Amma ku dubi abin da ya rage bayan nan. Wa zai koma washegari, da bayan wata guda, ya ɗauki inda masallacin ya tsage, da iyalan da aka bari, da yadda aikin gini ke tafiya? Wa ya san cewa ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne tun wajen shekarun 1830, har ya san wace baka da wane ginshiƙi ya kamata a adana a hoto? Mai waya ya ɗauka ya wuce harkarsa. Ɗan jarida shi ne mai komawa.

Haka kuma taron masu waya ba ya maye gurbin ido. Da bututun mai ya fashe a Abule Egba ta Legas a Disambar 2006, hoton Akintunde Akinleye na kamfanin dillancin labarai na Reuters, na wani mutum yana wanke baƙin hayaƙi daga fuskarsa, shi ya ci ɗaya daga cikin kyaututtukan gasar hoton jarida ta duniya, World Press Photo, a 2007. Ga kuma Fati Abubakar ta Maiduguri. Lokacin da duniya ba ta ganin komai daga Borno sai gawa da kango, ita ta riƙa ɗora hotunan 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu kwalliyar sallah a shafinta na Instagram mai suna Bits of Borno. 'Yar gari ce, ana buɗe mata ƙofar da ba a buɗe wa baƙo.

Ina iyakar gyaran hoto?

Ka ƙara haske kaɗan, ka daidaita kala ta koma yadda ido ya gani, ka yanke gefe matuƙar yankan bai canja labari ba. Kada ka ƙara komai, kada ka cire komai, ko da ledar ruwa ce a ƙasa. A 2006 Reuters ta kama wani mai hotonta, Adnan Hajj, ya ƙara hayaƙi a hoton Beirut, ta rabu da shi ta kuma janye hotunansa 920 gaba ɗaya. A Maris ɗin 2024 manyan kamfanonin dillancin labarai suka janye hoton da fadar Ingila ta fitar na matar Yarima William da 'ya'yanta saboda an taɓa shi. Idan ba a ɗaga wa gidan sarauta ƙafa ba, kai wa?

Yankan ma a yi hattara. Ɗan siyasa ya tara mutum hamsin, ka durƙusa ka matse hoton ya zama kamar filin ya cika. Ba ka taɓa kwamfuta ba, amma ka yi ƙarya.

Ƙirƙirarriyar basira fa? An ce yanzu ko kyamara ba a buƙata.

Gaskiya ne ana rubuta wa na'ura jimla ɗaya ta zana abin da bai taɓa faruwa ba. A 2023 kaɗai an ga hoton Fafaroma Francis cikin ƙatuwar farar rigar sanyi, mutane da yawa suka gaskata. An ga na fashewar bam kusa da ma'aikatar tsaron Amurka, wanda har ya ɗan girgiza kasuwar hannun jari kafin a ƙaryata. Wani Bajamushe kuma, Boris Eldagsen, ya ci wani rukuni na gasar hoto ta Sony da hoton na'ura, sannan ya ƙi karɓar kyautar ya tona asirin kansa.

Amma ni abin da ya fi ba ni tsoro ya girmi wannan, kuma ko sisi ba a kashe masa: tsohon hoto na gaskiya, a liƙa masa sabon bayani. A rikicin Filato na watan Yunin 2018 an yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook, daga baya binciken BBC ya gano cewa har da abin da aka ɗauka a Kwango-Barazabil tun 2012. Kafin gaskiya ta fito an riga an zubar da jini.

Mun tashi muna cewa gani ya kori ji. Yanzu gani ma sai an tambaye shi daga ina ya fito. Mu kuwa mutanen garin karatu wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Ɗalibin da ya zauna zauren malami a cikin Birni ya san ba a karɓar hadisi don daɗin lafazinsa, sai an bi isnadi: wa ya faɗa, daga wa ya ji, an san shi da gaskiya? Hoto ma ya kai wannan matsayi. A ganina nan makomar sana'armu take. Kyamara ta yi araha, kowa na da ita a aljihu. Abin da ya yi tsada shi ne mutumin da zai ce, "Ni na ɗauka, a Ƙofar Doka, ranar kaza, ƙarfe kaza, ga sunana, ga asalin fayil ɗin," a kuma yarda da shi don ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Abin da ofishin Tukur-Tukur ya yi wa hotunan da, yanzu kowane mai hoto sai ya yi wa kansa.

An turo mini hoto a WhatsApp. Yaya zan gane na gaskiya ne?

Fara da tambayar wanda ya turo: kai ka ɗauka? Sau da yawa amsar ita ce "ni ma a wani guruf na gani". Sannan ka saka shi a Google Lens ko TinEye ka ga ko ya taɓa fitowa a wata shekara ko wata ƙasa. Duba lambar mota, rubutun allunan shaguna, kakin jami'an tsaro, irin ginin. An ce jiya ne a Sabon Gari, ga ciyawa kore shar alhali muna tsakiyar bazara? Masu bin diddigi irin su Dubawa su ma sukan riga ka bincikawa. A da mukan ce a ƙirga yatsu don na'ura takan yi shida, amma ta gyara wannan, kada ka dogara da shi. Idan abu ya sa ka ji jininka na tafasa kana son turawa nan take, to a nan ne ya kamata ka ajiye wayar.

Babu wata fasaha da za ta tabbatar da asalin hoto?

Ana kan ƙoƙari. A 2023 Leica ta fitar da M11-P, wadda ke buga wa kowane hoto wani hatimin sirri tun daga cikin kyamara, mai nuna na'urar da ta ɗauka da duk gyaran da aka yi masa daga baya. Sony da Nikon da Canon su ma sun shiga tsarin. Isnadi ne na na'ura. Sai dai kyamarorin suna da ɗan karen tsada, kuma hatimi ba ya hana a shirya wasan kwaikwayo a gaban kyamara. Abin da za ka iya yi yau kyauta: kada ka goge asalin fayil, ka saita kwanan wata da agogon kyamararka daidai, idan kuma za ka tura wa edita ta WhatsApp ka tura a matsayin fayil, domin turawar da aka saba tana matse hoton ta share bayanan da ke cikinsa.

Baba, ni mace ce. Akwai wuri gare ni a wannan aiki?

'Yata, rabin garin nan a rufe yake gare ni. Inda aka rubuta "ba a shiga" ni a zaure nake tsayawa. Masu saƙa da ɗinkin hula a cikin gida, masu ƙuli-ƙuli, unguwarzoma, makarantun matan aure, duk labarai ne da sai ke. Ki nemi izini, ki faɗa musu inda hoton zai je, wadda ta ce a'a ki sauke kyamara.

Wa ya halatta in ɗauka, wa bai halatta ba?

Hukuncin hoto a addini fagen malamai ne, kowa ya tambayi nasa. Ni ladabin aiki zan faɗa. Hatsari ya auku a Kwangila, sai ka ga ashirin sun zaro waya, biyu ne ke ɗaukar rauni. Uwa ta ga gawar ɗanta a Facebook kafin a zo mata da sallama. Wannan ba jarida ba ce. Ana ba da labarin hatsari da motar, da takalmin da ya faɗi a kwalta, da fuskokin masu ceto, ba sai an tona mamaci ba. Almajiri kuma ba kayan ado ba ne, yana da suna, yana da malami da za a nemi izininsa. Zariya gari ne mai barikoki da makarantun soja, kada ka ɗaga kyamara kusa da su ko a shingen bincike ba da izini ba, kuma ka riƙa yawo da katin shaidarka.

Jirgi marar matuƙi fa?

Yana fito da ganuwa da Dutsen Kufena da jerin gwanon hawa yadda ba mu taɓa gani ba. Amma tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa ta ce sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ga kwalejin koyon tuƙin jirgi a cikin gari, jirage na tashi da sauka. Ƙararsa kuma tana firgita doki.

Ana cin abinci da hoton jarida kuwa?

Shi kaɗai, da wuya. Yawancinmu biki da suna da bikin yaye ɗalibai na Jami'ar Ahmadu Bello da aikin ƙungiyoyi ne ke riƙe da mu, jarida ta zo a kan kari. Babu kunya a ciki. Inda nake jan kunne shi ne aikin 'yan siyasa: wanda ya biya ka jiya, yau ba za ka iya kai wa jarida hoton taronsa a matsayin labari ba tare da ka faɗa wa edita ba.

Ka kuma san haƙƙinka. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta haɗa da hoto. Shafukan da ke kwashe aikin mutane su manna tambarinsu a kai, ka rubuta musu cikin mutunci, ka nuna asalin fayil, ka nemi a sa sunanka ko a biya. Wasu za su yi biris, wasu kuwa daga nan suke zama abokan ciniki.

Da me zan fara?

Da wayar da ke hannunka da ƙaramin littafin rubutu. Ka zaɓi abu ɗaya, masu gyaran keke a unguwarku ko kasuwar tumatir, ka bi shi wata uku. Kowane hoto ka rubuta wane ne, a ina, yaushe, me ke faruwa, ka tambayi yadda ake rubuta sunan mutum. In kuɗi sun samu, sayi kyamara ta hannu, ka fi kashe kuɗi a kan gilashi, ka haɗa da batir biyu saboda halin wutarmu.

Mun samu akwatin tsofaffin hotuna da nagatif, wato wankakken fim, na kakanmu. Mu zubar?

Kul! Ku raba su da leda, danshi ke sa su manne. A sa su a ambulan na takarda, a ɗaga daga ƙasa saboda gara da ruwan damina, a riƙa kama nagatif ta gefe. Ku ɗauki kowane kati da waya a inuwa mai haske, ba filasha, ku ajiye a wuri biyu.

Sannan, tun kafin komai, ku kwashi akwatin ku kai ɗakin tsohuwar da ta fi kowa shekaru a gidan. Ku ba ta ɗaya bayan ɗaya ta faɗi wane ne wannan, bikin wa, zamanin wane Sarki, ɗayanku na rubutawa a bayan katin. Da fensir, don biro yana huda takarda ya ɓata fuskar.